Yaya zan tambayi budurwa ko tana shan taba?

Tambaya: Likita, ni ɗalibin likitanci ne a Gombe, mun fara ganin marasa lafiya. Namiji nakan tambaye shi batun sigari kai tsaye, amma in budurwa ce sai nauyi ya kama ni, in rubuta "ba ta sha" in wuce. Ina mafita?

Amsa: Ƙanena, abin da ba ka tambaya ba, kada ka rubuta shi a fayil, ko da hasashenka ya zo daidai.

Fara duba wanda ke ɗakin. Yarinyar da mahaifiyarta ke gefenta riƙe da katin asibiti ba za ta taɓa amsa maka ba. Roƙi Hajiya ta ɗan jira a waje, nas ta zauna tare da ku, ka ce kowa kake yi wa wannan tambayar, kuma maganar sirri ce.

Kada ka tsaya kan sigari, ambaci shisha da sunanta. Da yawa ba su ɗauke ta taba ba, saboda ƙamshin tuffa da ruwan da hayaƙin ke ratsawa. Ruwan nan ba ya tace gubar, garwashin ma yana ƙara tasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zaman shisha na awa ɗaya, mutum kan zuƙi hayaƙin da ya ninka na karan sigari sau 100 zuwa 200.

In ta amsa, ajiye wa'azi, ta sha jin sa. 'Yar shekara 20 ba ta damu da kansar huhun da za ta zo bayan tsufa ba. Abin da ke taɓa ta shi ne haihuwa: taba na jinkirta samun ciki, tana jawo ɓari, bakwaini, da ciki a wajen mahaifa. In tana shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, haɗa ta da taba na ƙara haɗarin daskarewar jini, musamman daga shekara 35.

Sai ka tambaye ta ko ta shirya bari. In ba ta shirya ba, kada ka matsa, ka sake tayar da zancen a zuwanta na gaba. In ta shirya, ku tsayar da rana. Gaya mata gaskiya: makon farko ya fi wuya, ga saurin fushi, ga rashin barci, amma abin kan lafa cikin 'yan makonni. Cingam ɗin nikotin na taimakawa, sai dai in tana da juna biyu, tuntuɓi babban likitanka tukuna. Ka ba ta ranar dawowa cikin makon nan na farko, don a lokacin ne aka fi komawa ruwa.