Maigidana ya samu raunin gaba: haƙurina zai zubar mini da haƙƙi?

Barista, shekararmu 9 da aure, 'ya'yanmu uku. Tun da ciwon suga ya kama maigidana, yau shekara biyu ke nan ba ya iya kusantata. Bai rage ni da komai ba, ci, sha da sutura. Ba na son rabuwa da shi, amma gwaggona ta ce idan na yi shiru har shekara ta wuce, na zubar da haƙƙina a kotu. Gaskiya ne?

'Yar'uwa, Allah ya ba maigidanki lafiya, ya saka miki da alheri. Ki kwantar da hankalinki, haƙurin da kike yi bai cinye miki komai ba.

Shekara ɗayan da gwaggo ta ji ana faɗa tana nan a fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'armu ke aiki da shi, sai dai ba a kanki take ba. Hukuncin mijin da bai taɓa iya saduwa da matarsa ba ne tun da aka ɗaura aure. Idan ta kai ƙara, alƙali zai ba shi wa'adin shekara ya nemi magani, kuma daga ranar hukunci ake fara lissafi, ba daga ranar da matsalar ta fara ba. Idan shekara ta cika bai iya ba, zaɓi yana hannun matar: ta zauna, ko a raba auren ta tafi da sadakinta cikakke. Ko ita ɗin, in ta zaɓi zama, daga baya ta ga ba za ta iya ba, tana iya komawa gaban alƙali.

Naki daban ne. Kun yi zaman aure lafiya har kun haihu, sannan larura ta zo. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya ce bai ji ana yanka wa irin wannan mijin wa'adi ba, ko a raba shi da matarsa saboda haka kawai. Ke nan babu wani agogo da yake bugawa a kanki.

Wannan ba ya nufin an ɗaure ki. Idan wata rana abin ya fi ƙarfinki, ƙofa biyu ce a buɗe. Akwai hul'i, ki mayar da sadaki ko abin da kuka daidaita a kai, ya sauwaƙe miki. Akwai kuma neman saki saboda cutarwa, inda za ki gamsar da alƙali cewa zaman yana cutar da ke, har kina tsoron faɗawa saɓon Allah. Idan cutar ta tabbata, ba ki biyan ko kwabo. Ta kowace hanya aka bi, renon yara yana wurinki muddin ba ki yi wani aure ba, ciyar da su kuma yana wuyan ubansu. Wanda hukuncin bai yi masa daɗi ba yana iya ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da saki.

Amma ina roƙonki, kada ki ambaci kotu a gabansa don ki tsorata shi ya tafi asibiti. Na sha ganin magidanci tsaye gaban alƙali, hula a hannu, kai a sunkuye, ana karanto sirrin ɗakinsa jama'a na saurare. Da wuya auren da ya shiga wannan hali ya koma daidai. Kuma fargaba ita kanta tana ƙara wa namiji rauni.

Maganar ma ta tsaya inda ta kai. Gwaggo ta ji, to kada ta wuce ta. A asibiti doka tana tare da ku: sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya fitar da bayanin majiyyaci sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu, ko inda doka ta wajabta ko ta ba da dama. Ki gaya masa wannan, domin maza da yawa tsoron tonon asiri ne yake hana su zuwa.

Ni ba likita ba ne, amma sananne ne cewa suga da hawan jini suna lalata jijiyoyin da ke kai jini gaba, kuma ana samun sauƙi idan aka kula da su. Ku nemi likitan mafitsara a asibitin koyarwa ko babban asibitin da ya fi kusa da ku. Ki raba shi da maganin maza na tasha da na bayan mota, musamman in yana shan maganin zuciya, don haɗa wasu daga cikinsu yana iya faɗar da jini har rai ya salwanta. Ranar zuwa, ki zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, ki ɗauki katinsa na suga, ku shiga wurin likitan tare.