Barazana, Kasafi da Shawara: Kalmomin Ɗakin Tsaron Sama

Tambaya: Malam, ni mai fassara labarai ne. Na ci karo da bayani kan manhajar da ke taimaka wa sojoji su gane abin da ke tunkaro su ta sama, su kuma zaɓi makamin da za su tare shi da shi. Na rubuta "tantance barazana da rabon makamai". Na yi daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kusa, amma akwai gyara a wuri biyu.

Mu fara da barazana. A bakin Bahaushe, barazana tsoratarwa ce, kuma sau da yawa babu aiki a bayanta. Shi ya sa ake cewa "rabu da shi, barazana ce kawai". Mai barazana so yake a gan shi, a ji tsoronsa. Shi kuwa makamin da ya nufo jirgin ruwa a ƙasa-ƙasa, yana shafar saman teku don kada na'urar rada ta hango shi, ba tsoratarwa ya zo yi ba. Kalmar da ta dace da shi ita ce haɗari, ko hatsari, wadda muka aro daga Larabci. A kula da ƙugiyar nan ta ɗ, domin hadari maras ƙugiya na ruwan sama ne. Na san kafofin labarai sun riga sun saba da "barazanar tsaro", ba kuma zan yi faɗa da abin da ya zauna a kunnen jama'a ba. Amma a wannan fanni ni "auna haɗari" zan ce. Awo ne na gaske ake yi: gudun abin, tsayinsa daga ƙasa, inda ya dosa, daƙiƙa nawa suka rage ya iso, ko ya amsa siginar da ke bambance aboki da maƙiyi. Daga nan manhajar ta jera su, mafi haɗari a sama. Abu biyu take nema, iko da niyya. Iko yana aunuwa da na'ura. Niyya kuwa sai dai a yi kirdado.

Sai rabo. In ka ce "rabon makamai", mai sauraro zai ɗauka bindigogi ake miƙa wa dakaru ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake nufi shi ne kasafi, kamar yadda muke cewa kasafin kuɗi: abu kaɗan, buƙatu da yawa, a karkasa da lissafi. Lissafin kuma ba ƙarami ba ne. Makami 10 da abin hari 10 kawai, in kowane makami zai iya nufar kowane ɗaya, hanyoyin haɗa su sun kai biliyan 10. Tun 1958 wani masani ɗan Amurka, Alan Manne, ya tsara matsalar a lissafe, a 1986 kuma aka tabbatar tana cikin matsalolin da ba a san wata gajeriyar hanyar warware su ba in sun yi girma. Don haka ka rubuta "auna haɗari da kasafin makamai".

Tambaya: Malam, wane karin magana ne zai bayyana wa ɗalibai wannan kasafi?

Amsa: Ga guda biyu. "Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza" ana faɗinsa in abu ya yi wa abu girma. Linzami, shi ma aron Larabci ne, ƙarfen da ake sarrafa doki da shi, daga nan muka sami "makami mai linzami", wato wanda ake juya akalarsa bayan an harba shi. Harba irin wannan makami mai tsada kan ɗan ƙaramin jirgi maras matuƙi, linzami ne a bakin kaza. Na biyu, "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi". Mahari yakan turo ƙananan abubuwa birjik don mai tsaro ya ƙarar da kibansa kafin babban ya iso. A ce makami ɗaya yana samun abin hari sau 80 cikin 100. In an harba biyu, damar ta koma 96 cikin 100, amma rumbu ya ragu da biyu. Shi ya sa, in da sauran lokaci, akan harba ɗaya, a duba, sannan a ƙara.

Tambaya: Malam, na ga an rubuta "kwamfuta mai yanke hukunci a fagen yaƙi". Hausa ce mai kyau?

Amsa: Nahawunta lafiya lau, ma'anarta ce ke tayar mini da hankali. Hausa ta raba "ba da shawara" da "yanke shawara", hukunci kuma na alƙali ne ko mai mulki, wanda za a tuhuma in ya yi kuskure. Magabata sun ce "shawara ɗaukar ɗaki": jinkar ɗaki ba ta ɗaukuwa da hannun mutum ɗaya, sai an taru an kama. To manhajar nan ɗaya ce daga cikin masu kamawa, ba ita ce mai ɗakin ba.

Ranar 26 ga Satumba 1983, tsarin gargaɗi na Tarayyar Sobiyet ya nuna makamai masu linzami 5 sun taso daga Amurka. Jami'in da ke bakin aiki, Laftanar Kanar Stanislav Petrov, ya ƙi gaskatawa, domin a ganinsa mai niyyar fara yaƙin nukiliya ba da guda 5 zai fara ba. Ashe hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi taurarin ɗan'adam. A nan na'ura ce ta yi tuntuɓe, mutum ya tare ta.

Sai dai kada mu cika yabon kanmu. Ranar 3 ga Yuli 1988, jirgin ruwan yaƙin Amurka Vincennes ya harbo jirgin fasinja na Iran a mashigin Hormuz, mutum 290 suka rasu. Bayanan da Aegis, tsarin rada da kwamfuta na jirgin ruwan, ya adana sun nuna jirgin fasinjan hawa sama yake yi, amma ma'aikatan jirgin ruwan, cikin firgici da ƙurewar lokaci, suka ba da rahoton yana saukowa kamar mai kawo hari. Na'ura ta faɗi daidai, kunnen da ya riga ya tsorata bai ji ba. Duk lokacin da na tuna da waɗannan rayuka nakan ƙara jin nauyin kalmar da muke zaɓa, domin in mun kira na'ura "mai hukunci", mun buɗe wa mai harbi ƙofar cewa ba shi ya yi ba.

Saboda haka abin da nake ba masu fassara shi ne "manhajar taimakon yanke shawara", ko a taƙaice "manhaja mai ba da shawara". Inda tsarin ke harbi da kansa ba tare da jiran umarnin mutum ba, kamar yadda wasu bindigogin kare jiragen ruwa ke iya yi in lokaci ya ƙure, a fito a faɗa: "mai harbi da kansa", a kuma ambaci jami'in da ya ba da izinin kunna shi.