Tambaya da Amsa: Yaya Zan Ƙera Difuzar Bayan Mota da Kuɗi Kaɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Birnin Kebbi, kuma na haɗa wata ƙaramar mota mai kujera biyu irin samfurin Lotus Seven, inji a gaba, tankin mai a baya, tayoyin baya ne ke tura ta. Ina ganin motocin tsere da wani faranti mai haƙarƙari a ƙarƙashin bayansu, wanda ake kira difuza, an ce yana danne mota a kan titi. Ina so in ƙera tawa da hannuna, amma aljihuna ba nauyi. Da me zan yi ta, yaya girmanta zai kasance, kuma za ta yi amfani a hanyoyinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Za ka iya ƙera ta, kuma babu wani abu daga cikin kayan aikin da sai an yi odarsa daga waje. Sai dai akwai sharaɗi guda wanda yawancin masu wannan aiki ke tsallakewa, shi ne cewa difuza ba ta aiki ita kaɗai. Ita mafita ce kawai ta iskar da ta bi ta ƙarƙashin mota, saboda haka idan ƙarƙashin a buɗe yake, da giya da farfela da salansa duk a fili, to iskar za ta iso baya a hargitse, farantin kuma ya zama ado. Mafi yawan kuɗin da ka tanada ya kamata su tafi ne wajen shafe cikin motar, ragowar kuma su ishe ka difuzar.

Dalilin haka yana cikin yadda abin ke aiki. Duk wanda ya taɓa lura da ruwan ban-ruwa a fadamun shinkafa ya san cewa inda magudana ta tsuke ruwa kan ƙara gudu, inda ta buɗe kuma ya lafa. Iska ma haka take, kuma wurin da ta fi gudu nan ne matsinta ya fi raguwa, kamar yadda masanin lissafi Daniel Bernoulli ya bayyana a littafinsa na shekarar 1738. Tsakanin cikin mota da kwalta akwai tsukakken wuri. Idan aka sa ƙarshen wannan wuri ya riƙa buɗewa sannu a hankali zuwa sama, iskar da ta shigo za ta rage gudu ta koma daidai da matsin iskar da ke bayan mota ba tare da ta tarwatse ba, wannan kuma shi ke ba iskar da ke gaba damar kwararowa da sauri. Sakamakon shi ne matsin da ke ƙarƙashin mota ya gaza na samanta, sai motar ta dannu ƙasa. Wurin da zuƙar ta fi ƙarfi shi ne daidai gaɓar da shimfiɗaɗɗen ciki ya ƙare farantin ya fara ɗagowa, don haka wannan gaɓa ce ta fi kowace bukatar aiki mai tsabta.

Kamfanin da ya fito da samfurin motarka a 1957, wato Lotus na Colin Chapman a Ingila, shi ne kuma ya shigo da wannan dabara cikin gasar tseren motoci ta Formula One da motar Lotus 78 a 1977, har direbansu Mario Andretti ya ci kambun duniya da Lotus 79 a 1978. Amma waɗannan motoci kusan shafar ƙasa suke yi, suna kuma gudun da ya haura kilomita 250 a awa, a kan titin da babu rami ko ɗaya.

A nan ya kamata mu yi lissafi, domin kada ka sa rai da abin da ba zai samu ba. Ƙarfin iska yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. A gudun kilomita 100 a awa, cikakken matsin iskar da ke bugun mota bai wuce kwatankwacin kilo 47 a kan kowace murabba'in mita ba. Mu ɗauka difuzarka ta yi kyau har ta samar da zuƙar kashi ɗaya cikin biyar na wannan a kan murabba'in mita guda: ka sami dannawar kilo 9 ke nan, a motar da nauyin irinta kan tsaya tsakanin kilo 500 zuwa 600. A cikin gari, a gudun kilomita 50, abin zai dawo kilo 2 da 'yan kai. Ga kuma batun tsayi daga ƙasa, domin difuza ta fi ƙarfi idan mota ta yi ƙasa sosai, alhali kai dole ka bar mata tazarar da za ta haye tudun rage gudu da ramukan damina. A ganina ribar da za ka fi samu ita ce ta wani ɓangaren: bangon baya na irin wannan mota yakan tare iskar da ta biyo ta ƙasa ya riƙe motar, to rufe wurin yana rage wannan jan, yana kuma kare tankin mai daga tsakuwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin aikin.

Ka fara da cikin motar. Ka shimfiɗa faranti tun daga bayan inji har zuwa kusa da aksil ɗin baya, ya zama sumul, kawunan ƙusoshi ba su turo ba sosai, kuma duk inda faranti biyu suka haɗu na gaba ya hau kan na baya ta ƙasa, yadda iska ba za ta sami baki ta shiga ta ɓamɓare shi ba. Kada ka rufe ƙarƙashin inji gaba ɗaya, domin iskar da ta ratsa lagireto tana bukatar mafita, kuma zafin watan Afrilu a Kebbi ba ya yafe wa injin da aka toshe wa numfashi.

Sai kusurwa, wadda ita ce zuciyar aikin. Ka tsaya tsakanin digiri 7 zuwa 10 idan an auna da shimfiɗar ƙasa. Idan farantin ya miƙe da yawa, iskar ba za ta iya bin jikinsa ba, sai ta rabu da shi ta koma juyawa, zuƙar ta ɓace, jan ya ƙaru. Ba ka bukatar na'urar auna kusurwa, tef ɗin awo ya wadatar: a digiri 7, faranti yana ɗagowa kimanin santimita 12 a kowace mita guda, a digiri 10 kuma kusan santimita 18. Idan tsawon da ka samu daga gaɓa zuwa ƙarshen mota santimita 60 ne, to ƙarshen ya ɗara farkon tsayi da santimita 7 zuwa 10 da rabi. Difuzar da ake sayarwa don ado galibi gajeru ne masu miƙewa tsaye, kada ka kwaikwaye su. Doguwa mai sauƙin hawa ta fi su nesa ba kusa ba. Faɗinta kuwa ya cika tsakanin tayoyin baya, a bar ɗan yatsa biyu ko uku kowane gefe.

Kafin ka yanka komai mai tsada, ka yi samfuri da kwali. Ka ɗaga motar da jak, ka tokare ta da kyau, ka bar ƙafafun baya su sauka iyakar saukarsu, sannan ka gwada kwalin. Idan aksil ɗinka irin mai sanda guda ne, dukansa yana hawa da sauka tare da tayoyi, kuma shi ne zai nuna maka inda farantin zai iya bi. Abin da bai taɓa ba mota tana tsaye, yana iya dukansa idan ta faɗa rami.

Game da abin da za ka yi ta da shi, zaɓina na farko shi ne farantin alminiyon mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2. Murabba'in mita guda na mai milimita 1.5 kilo 4 ne kacal, alhali farantin ƙarfe mai milimita 1 ya kusa kilo 8, ga tsatsa. Na san hannun mai walda ya fi sabawa da ƙarfe, amma ba hikima ba ne a ɗora wa mota nauyin da ya kai dannawar da ake nema. Mafi araha shi ne irin allon nan da ake lulluɓe gidajen mai da shaguna da shi, mai alminiyon sama da ƙasa da roba a tsakiya, wanda aka fi sani da Alucobond. Masu yin allunan talla kan bar guntaye masu girma, kuma mai kaurin milimita 3 ko 4 yana da ƙarfi, yana yankuwa da zarto, yana kuma lanƙwasuwa idan an tsaga bayansa kaɗan. Aibinsa shi ne robar da ke ciki tana narkewa da zafin da bai ɗara na tafasar ruwa da yawa ba, don haka kada ya kusanci salansa. Katakon filawud yana aiki na ɗan lokaci, amma damina ɗaya za ta kumbura shi idan ba a shafe shi da fenti ciki da baki ba.

Haƙarƙarin da ka gani suna da aiki na gaske. Tayoyin baya suna fesa hargitsattsiyar iska zuwa ciki, kuma katangun gefe biyu su ne ke hana ta shiga ta ɓata zuƙar. Su ne wajibi. Biyu a tsakiya sun isa su miƙar da iskar su kuma ƙarfafa farantin; fiye da haka ƙarin nauyi ne. Ka haɗa su da ƙusar ribit a kan alminiyon mai kusurwa, su miƙe daga gaba zuwa baya, kuma kada gindinsu ya sauka ƙasa da shimfiɗar cikin motar, in ba haka ba tudun farko zai kwashe su.

Wajen ɗaurawa sana'arka za ta yi maka rana. Ka walda 'yan kunnuwan ƙarfe a jikin shasi, aƙalla shida, ka ɗaure farantin da ƙusoshi masu faffaɗan washa da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Ka sauke tankin mai ka nisanta shi kafin ka kunna injin walda. Tankin da babu mai a ciki ma yana da tururin da ke fashewa. Ka sa fenti ko siririyar roba tsakanin alminiyon da ƙarfe, domin idan suka haɗu da danshi alminiyon ɗin ne ke cinyewa. Kunnuwan baya ka yi musu ramuka uku a jere daga sama zuwa ƙasa, yadda za ka iya sauya kusurwa ba tare da sabon yanka ba. Bayan ka gama, ka kama ƙarshen farantin ka ja ƙasa da ƙarfinka. Idan ya motsa, bai isa hawa hanyar Jega ba, domin farantin da ya ɓalle a guje makami ne ga mai babur ɗin da ke bayanka.

Akwai abubuwa biyu da yanayinmu ya ƙara. Na farko, busasshiyar ciyawa da ƙaiƙayi da leda suna taruwa a kan faranti, kuma idan suka haɗu da zafin salansa gobara ce, don haka ka bar tazarar santimita 5 ko fiye tsakaninsu, ka sa garkuwar ƙarfe, ka kuma yi yadda za ka iya kwance farantin cikin sauƙi ka share. Na biyu, ka huda ƙananan ramuka a wuri mafi ƙasa domin ruwa da ɗigon mai su fita.

Gwaji ba ya cin kuɗi. Ka manna guntayen zaren ulu masu tsawon yatsa a jere a ƙasan farantin, ka ɗaura waya a baya tana ɗaukar bidiyo, ka yi tafiya a miƙaƙƙiyar hanya da babu cunkoso, ba tare da ka wuce ƙa'idar gudu ba. Zaren da ya kwanta ya miƙe baya yana nuna iska na bin farantin. Wanda ke kaɗawa ko ya juyo gaba yana nuna kusurwar ta yi yawa, sai ka sauko rami ɗaya. Idan kana son adadi, ka sami siririn tiyo mai haske irin na magina, ka lanƙwasa shi ka zuba ruwa, baki ɗaya ka liƙa shi daidai da fuskar farantin kusa da gaɓa, ɗayan kuma a wurin da iska ba ta bugawa a cikin motar, wani ya zauna gefenka ya karanta. Kowace milimita guda ta bambancin ruwa daidai take da kilo ɗaya a kan murabba'in mita, don haka lissafin da muka yi zai bayyana a matsayin milimita 9 ko kusa da haka a gudun kilomita 100 a awa.

Ka kuma lura da sitiyari a wannan gwaji. Motoci irin taka sun saba da ɗagawar gaba idan gudu ya yi yawa, saboda murafun tayoyin gaba suna kamun iska, kuma danne baya kaɗai na iya ƙara wa gaban sauƙi. Idan ka ji sitiyarin ya yi sako-sako fiye da da, ka rage kusurwar, sannan ka daidaita motar yadda gabanta zai ɗan fi bayanta kusa da ƙasa da kamar santimita ɗaya ko biyu, ka sake gwadawa a gudun da ya gaza na farko.