Me ya sa ake kiransa Tom of Finland?

Malam, ka tambaya me ya hana Tom of Finland, mai zanen nan da ke zana maza masu sha'awar maza, sa sunansa na gaskiya a zanensa. Doka ce ta hana shi. Har zuwa 1971, tarayyar namiji da namiji laifi ce a Finland, shi kuwa mai zanen, wato Touko Laaksonen (1920–1991), ma'aikacin kamfanin talla ne a Helsinki, da an gano shi da aikinsa ya tafi. Sai ya aika zanensa Amurka da sunan "Tom" kawai, editan mujallar Physique Pictorial, Bob Mizer, ya ƙara masa "of Finland" a 1957. Da fensir yake zane, yana bin inuwa sannu-sannu har rigar fata ta yi ƙyalli kamar hoto. Bai bar aikin talla ba sai 1973.