Me ake nufi da sabunta dokar inshora a jihohin Amurka?

Tambaya: Ina zaune a Kalifoniya, kuma kamfanin da ke yi wa gidana inshora ya ƙi sabunta yarjejeniyarmu. Ina jin ana cewa jiha ta zamanantar da dokokin inshora. Me aka canza, kuma me ya sa jiha ce ke da wannan iko maimakon gwamnatin tarayya?

Amsa: Mu fara da batun iko. A 1944 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa inshora kasuwanci ne da ke tsallake iyakar jihohi, don haka tarayya na iya sa hannu a ciki. Shekara guda bayan haka majalisa ta yi dokar McCarran-Ferguson ta 1945, ta bar ragamar a hannun jihohi. Shi ya sa kowace jiha take da kwamishinan inshorarta, kuma ƙungiyarsu ta NAIC, wadda aka kafa a 1871, sai dai ta tsara samfurin doka, majalisar kowace jiha ta ɗauka ko ta bari. A Najeriya ba haka abin yake ba, domin inshora na cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, hukumar NAICOM kuma ke sa ido.

Idan ka ji ana maganar sabunta dokar inshora, galibi rigimar a kan farashi take: wa zai amince da ƙarin kuɗi, kuma cikin kwana nawa. Wasu jihohin sai kwamishina ya sa hannu kafin kamfani ya ƙara ko sisi. Wasu kuwa kamfani zai miƙa takardunsa ya fara aiki da sabon farashi, hukuma ta bincika daga baya.

Kalifoniya na cikin masu tsanani. A 1988 masu zaɓe suka amince da ƙudurin da ake kira Proposition 103, wanda ya wajabta neman izini tukuna. Idan ƙarin da ake nema a inshorar gida ko mota ya haura kashi 7 cikin ɗari, ƙungiyar masu kare haƙƙin jama'a na iya tilasta a yi zaman sauraron bahasi, abin da kan ci watanni. Saboda haka kamfanoni suka riƙa neman kashi 6.9 daidai, ko da lissafinsu ya nuna suna buƙatar fiye da haka. Ga kuma wasu ƙa'idoji biyu da suka ɗaure su. A da, wajen ƙiyasta asarar wutar daji, dole ne su dogara da matsakaicin asarar shekaru 20 da suka wuce. Sannan a lokacin ba su da damar saka kuɗin da suke biyan manyan kamfanonin da ke yi musu inshora su ma a cikin farashin da suke cajin jama'a.

Wannan tsari ya kare aljihun mutane shekaru da yawa, wannan gaskiya ce. Amma gobarar 2017 da 2018, musamman wadda ta cinye garin Paradise, ta nuna lissafin baya ya daina faɗin abin da ke tafe. Kamfanin da aka hana ƙarin farashi yana da wata ƙofa a buɗe, wato ya daina karɓar gidaje. A watan Mayun 2023 kamfanin inshora na State Farm ya dakatar da karɓar sabbin masu neman inshorar gida a jihar, wasu kuma suka rage. Mutane suka kwarara zuwa FAIR Plan, asusun da ke karɓar wanda kowa ya ƙi.

A Disamban 2024 Kwamishina Ricardo Lara ya kammala sabbin ƙa'idoji. Yanzu kamfani na iya amfani da manhajar kwamfuta mai hasashen bala'i, wadda ke duba ciyayi da gangaren ƙasa da iska da irin ginin unguwa, kuma yana iya saka kuɗin inshorar da yake yi wa kansa a farashi. Sharaɗin shi ne ya koma yankunan da wuta ta fi yi wa barazana, har ya kai aƙalla kashi 85 cikin ɗari na kason da yake da shi a kasuwar jihar baki ɗaya. Misali, kamfanin da ke riƙe da gida 10 cikin kowane 100 a jihar, ana so ya riƙe 8.5 cikin kowane 100 a waɗannan yankuna. Ka lura, kwamishina ne ya yi wannan gyara da ikon ofishinsa, dokar 1988 tana nan daram.

A ganina gyaran ya zama dole, sai dai kada a ɓoye maka cewa kuɗi zai tashi. Abin da ya fi damuna shi ne manhajojin hasashen mallakin kamfanoni masu zaman kansu ne, mai gida ba ya ganin yadda aka kai ga lambar da aka liƙa wa gidansa.

Game da naka gidan, doka ta ce a ba ka sanarwar ƙin sabuntawa kwana 75 kafin wa'adi ya cika, don haka duba kwanan watan da ke jikin wasiƙar. Nemi su ba ka makin haɗarin wuta da suka sa wa gidan, kana da haƙƙin ɗaukaka ƙara a kai. Share busasshiyar ciyawa da itacen girki daga ƙafa biyar na kewayen bango, sa ragar ƙarfe a ramukan shan iska, ka ɗauki hoto, domin ana rangwame a kan irin wannan aiki. Idan ta kai ka ga FAIR Plan, ka sani gobara da 'yan abubuwa kaɗan yake ɗauka, sai ka haɗa da wata inshorar da za ta rufe sata da fashewar famfo da raunin da baƙo zai ji a gidanka.