Ɗan'uwa, dakata da wannan katan ɗin gwanjo tukuna

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don irin wannan tallar ce ta taɓa cin kuɗina, ta haɗa da mutuncina. Ka ce ka ga wani shafi ya karya farashin giyar inabi zuwa rabi, kwalaben 2016 da 2017, kana so ka ɗauki katan biyu tunda an ce giya in ta tsufa ta fi daɗi. To ba ka faɗa mana wace iri ce ba, alhali maganar duk a nan take.

Wannan zance na tsufa shi ne jarin masu gwanjo. Shekarar da ke jikin kwalba shekarar da aka girbe inabin ce kawai, ba lambar girma ba ce. Mafi yawan giyar da ke kasuwa an yi ta ne don a sha cikin 'yan shekaru. Wadda ke jure zama sai mai bauri sosai, ko mai tsami, ko mai sukari da yawa: jar Bordeaux ta kirki, Barolo ta Italiya, Riesling ta Jamus, Port ta Fotugal mai shekarar girbi a jiki, ko jar Rioja Gran Reserva ta Sifaniya, wadda dokarsu ma ba ta bari a fito da ita sai ta shekara 5. Irin waɗannan ba kasafai ake zubar da su a rabin kuɗi ba. Abin da ke yin kwantai a sito shi ne farare irin su Pinot Grigio da Sauvignon Blanc, da giya mai ruwan hoda, da Prosecco mai kumfa, kuma duk ƙuruciya ce daɗinsu. Na taɓa ganin Beaujolais Nouveau mai shekaru a cikin jerin gwanjo, giyar da ake fito da ita ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba don a shanye ta cikin 'yan watanni! Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tawa kuwa ba ma daga irin giyar matsalar ta taso ba. Ja ce, mai ƙarfi, wadda ya kamata a ce ta iya ɗaukar shekarunta. Kafin in biya na rubuta musu na tambayi yadda suka ajiye ta, suka ce a ɗaki mai sanyi take tun ranar da ta iso. Liyafa ce na haɗa wa shugabana na wurin aiki da zai yi ritaya, mutumin da ya riƙe ni kamar ɗansa, kuma shi ya san giya, ba irina ba. Na buɗe ta farko a gabansa, toshiyar ta fito jiƙe sharkaf tun daga ƙasa har sama, ta kuma ruguje a hannuna. Na zuba, maimakon ja sai ga wani ruwa kalar ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga kofin ya shinshina, ya ajiye a hankali, ya yi murmushi ya ce wataƙila wannan kwalbar ce kawai. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na buɗe wata, haka. Na buɗe wata kuma, haka. Ɗakin ya yi tsit, wata mata ta ture kofinta gefe tana satar kallona, wani kuma don ya rufa mini asiri ya daure ya kurɓa, na ga yadda maƙogwaronsa ya ƙi karɓa. Ɗanɗanon ba tsami ba ne sosai, wani irin dafaffen zaƙi ne da ya mutu, babu ƙamshi ko ɗis. Ina tsaye da abin buɗe kwalba a hannu, gumi na bin bayana, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yau in na tuna murmushin nan sai raina ya ɓaci.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai amsar mai shafin ce. Na tura hotuna, na yi bayani cikin ladabi. Aka daɗe ba a kula ni ba, daga baya wani ya amsa da cewa haka tsohuwar giya take, wai harshena ne bai saba da mai daraja ba. Ni! Da na matsa, sai ya nuna mini wani layi can ƙasan shafi da ƙananan haruffa, wai kayan gwanjo ba a mayarwa. Na ce ina maganar ɗaki mai sanyi? Ya ce shi bai san wanda ya faɗa mini haka ba. Ga saƙon a wayata! Ba kuɗin ne ya dame ni ba, rainin hankalin ne, a sayar maka da gawa sannan a ce kai ne ba ka waye ba. Kuma bayan sati ɗaya na ga sun sake ɗora kwalaben nan, da sabon rangwame, da hoton nan dai mai sheƙi wanda ba na kwalbar da za a aiko maka ba ne.

Zafi ne ya kashe ta, kuma shi ne ba ka gani a hoto. Giya tana son wajen digiri 12 zuwa 14 na ma'aunin Celsius, ba hawa ba sauka. In ta kwana a sito mai rufin kwano, ko ta wuni a bayan mota a rana, ruwan yana kumbura ya tura toshiya, in ya huce ya jawo iska ciki, daga nan sai lalacewa. Saboda haka in kaya suka iso, kafin ka buɗe komai, shafa yatsa a saman bakin kwalbar. In toshiyar ta ɗago ta turo rigar da ke rufe da ita, ko ka ji danƙo a wuya, ko ka ga sawun ruwa ya bushe a kan takardar, an dafa ta. Ɗaga kwalbar ga haske ka ga inda ruwan ya tsaya. Kwalbar da ba ta kai shekara 10 ba ya kamata ruwanta ya kasance a cikin wuya, in ya sauko kafaɗa akwai magana. Ka jera su ma ka kwatanta, in wata ta fi wata ƙasa to ba lafiya ba. Ɗauki hoto nan take da kwalin da komai.

Af, haske ma haka. Farar giya ko mai ruwan hoda a cikin kwalba garau, in ta daɗe ƙarƙashin fitilar kanti, wari take yi. Fara in ta koma ruwan zuma mai duhu, ba nuna ta yi ba, iska ce ta shige ta. In kuma ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, wannan cutar toshiya ce da ake kira TCA, ba ruwanta da tsufa, sabuwar kwalba ma tana kamuwa, kuma mai sayarwa na kirki yana canja maka ita ba gardama. Laka a gindin tsohuwar ja, ko 'yan ƙananan duwatsu masu ƙyalli a jikin toshiya, waɗannan ba komai ba ne, kada su tsorata ka. Giyar da ta mutu ba guba ba ce, ba za ta kwantar da kai ba, amma ba za ta shawu ba.

Kada kuma makin nan 90 da wani abu cikin 100 na masana ɗanɗano da suke liƙawa ya ruɗe ka. Duba yaushe aka ba da shi, kuma wa kwalbar wace shekara. Mai ɗanɗano ya yaba mata tana 'yar shekara 2, kai kuma za a ba ka ita tana tsohuwa. Ta Chile ko Afirka ta Kudu ko Ostireliya ma ta girmi ta Turai mai shekarar girbi ɗaya da ita da kusan wata 6, don su a farkon shekara suke girbi. Masu kuɗi ma ba su tsira ba, ka tuna Rudy Kurniawan da aka ɗaure shekara 10 a Amurka a 2014, yana haɗa giya a gidansa yana liƙa mata takardun manyan gidajen Faransa, masana suna sha suna yabo. To balle mu da ke saye daga hoto.

Ba na ce kowane gwanjo cuta ba ne. Wani lokaci an canja takardar kwalba ne, ko giyar sabon girbi ta iso ana neman wuri, ko dillalin ya daina kawo ta, a nan kam ana dacewa. Tambaye su kai tsaye me ya sa aka karya farashin, su turo hoton ainihin kwalbar gaba da baya, su kuma rubuta maka cewa in ta lalace za su mayar da kuɗi. Ka adana saƙon, ko da yake ni nawa bai hana su musu ba. In suka fara kwana-kwana ka bar musu kayansu. Sayi ɗaya ko biyu ka buɗe a gida kai kaɗai, in ta yi sai ka koma, in sun ƙare kafin nan to sun ƙare. Kada ka yi oda a tsakiyar zafi, kuma kada ka kai kwalbar da ba ka ɗanɗana 'yar'uwarta ba gaban mutumin da kake jin nauyinsa.

Turo mana sunayen da ke jikin kwalaben da ƙasar da aka yi su, ka kuma duba ko toshiya ce ko murfi mai murɗawa. In farare ne na 2016, ni dai ko kyauta ba na so.