Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ke karatu amma ba ya iya faɗin abin da ya karanta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce yaronki ɗan shekara bakwai yana aji biyu, bakinsa ya faɗa da karatun Turanci, amma da kin rufe littafin kin ce "to me ya faru?" sai ya zuba miki ido. Kina tambaya ko ki ƙara masa lesin.

Ki dakata da lesin tukuna. Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a nan Agege, kuma duk shekara sai na samu irin ɗanki da yawa. Ba daƙiƙanci ba ne. Ki duba kayan da yaranmu na Legas ke ɗauke da shi: Hausa a gida, Yarabanci da buroka a layi, Turanci a makaranta, Larabci a Islamiyya. Tun 2018 ma dokar jihar nan ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu. A Islamiyya yaro ya saba da biyawa da hadda, kuma can haka ya dace a fara. To sai ya kwaso wannan ya kawo kan littafin boko, ya ɗauka karatu shi ne fitar da lafazi daidai, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa nuna masa cewa akwai zance a cikin rubutun da ake so ya kama.

Don haka ki fara daga kunne, kuma da Hausa. Ajiye littafi, ki yi masa tatsuniya. Kin lura ba a fara ta sai mai bayarwa ya ce "ga ta nan ga ta nanku" an amsa masa "ta zo mu ji ta"? Wannan amsar alkawarin sauraro ce, kada ki ci gaba sai ya ba ki ita. In kin kai tsakiya, inda Gizo ya hango abinci, ki tsaya cak ki ce, "Me kake zato zai yi?" Ranar da za ki maimaita ta kuwa, ki yi kuskure da gangan, ki ce Ƙoƙi ce ta cinye naman. In ya zaburo ya ce "A'a Umma, Gizo ne!" kin san kunnensa na wurinki. Yara na son kama babba da kuskure fiye da alewa.

Sai abin da ya fi ba ni wuya ni kaina: yin shiru bayan tambaya. Wata malama 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta yi bincike a shekarun 1970 ta gano malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal kafin su ba da amsar da kansu ko su tsallaka ga wani yaro, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku sai amsoshin yara su ƙara tsawo da ma'ana. Da na gwada sai na ji kunya, ashe ni ce ke toshe musu baki. Ɗanmu kuwa sai ya juya tambayar a kansa zuwa Hausa, ya nemo amsa, ya sake juya ta. Ki ƙirga biyar a zuci kafin ki buɗe baki.

Irin tambayar ma da bambanci. "Meye sunan yaron cikin labarin?" ba ta haifar da hira. Wata rana mun karanta labarin akuyar da ta shiga kasuwa ta yi wa wata mata ɓarna, na ce laifin wa? Aji ya yi tsit. Akwai wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba, babanta na sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Na ga bakinta na motsi, na ce faɗi da Hausa. Ta ce mai akuya ne zai biya, don kwandon tumatir daga Arewa ake ɗoro shi a mota, kuma in ya fashe ba mai saye sai 'yan baje, masu sayen fasasshen tumatir. Wani yaro ya ce ƙarya ne, ai matar ce ta bar kayanta ta tafi hira. Nan na sa doka: kafin ka musa wa mutum, sai ka maimaita abin da ya faɗa har ya yarda haka ya ce. Yaron ya kasa, dole ya roƙe ta ta sake faɗa. Daga baya muka mayar da hujjojin Turanci jimla-jimla, muka koma shafin muka nemo inda ya nuna matar ta tashi daga wurin kayanta.

A gida minti goma ya isa, bayan isha'i, a kashe talabijin, ke ma ki kife wayarki. In kuna cikin motar haya ta danfo go-sulo ya riƙe ku, ki jefa masa kacici-kacici: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. In ya ce tsintsiya, ki ce ta yaya ka gane?

Abu ɗaya dai: in kina kiransa daga baya ba ya juyowa, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko yana ƙure ƙarar talabijin, a kai shi asibiti a duba jinsa kafin komai. In ba haka ba, ki gwada sati biyu da tatsuniya ɗaya tak, ki dawo ki ba mu labarin abin da ya ce game da Gizo. Allah Ya raya mana su.